Zauren Tambaya: Tom Barry, sojan Ingila da ya juya mata bindiga

Assalamu alaikum, masu karatu. A fitowar da ta gabata, ina cikin amsa tambaya kan yaƙin Giginya na 1903, na ce ba mu kaɗai muka ƙi mulkin Turawan Ingila ba, har maƙwabtansu na tsibirin Ailan sun ɗauki bindiga, na ambaci wani Tom Barry na wuce. Ashe aiki na janyo wa kaina. Saƙonni suka yi ta shigowa, wata wasiƙar ma yaro aka aiko da ita har gida Runjin Sambo. Ga waɗanda na tsamo.

TAMBAYA: Malam, jikana ya karanta man rubutunka. Ka ce wanga Barry sojan Ingila ne kahin ya yaƙe su. To mi ya sa za a ce mai ɗan kishin ƙasa? Ni mahaihina ya tahi Boma, ya dawo da lambobi ga ƙirji, har ya rasu bai zagi Bature ba. Wanda ya ci albashin sarki ya juya mai baya, ba butulu ba ne?
Daga wani dattijo, Kanwuri.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma, ya jiƙan mahaifinka. Mutanen garinsu Barry ma sun daɗe suna yi masa kallon zargi, sai dai su tsoronsu kada a ce Ingila ce ta turo shi leƙen asiri.

An haife shi ran 1 ga Yuli 1897 a Killorglin, lardin Kerry, ya tashi a Rosscarbery da Bandon, yammacin lardin Cork. Mahaifinsa ɗan sandan gwamnatin Ingila ne kafin ya ajiye kaki ya kama kasuwanci. A 1915, bai cika shekara 18 ba, yaron ya shiga soja, aka sa shi sashen igwa. Abin da ke burge ni da shi, bai shafa wa wannan shiga tasa mai ba. A littafin da ya wallafa a 1949 ya faɗa ƙarara cewa ba don Sarki ya shiga ba, ba kuma don wata aƙida ba. So yake ya riƙe bindiga, ya ga ƙasashe, a ce shi ma ya zama namiji.

Aka tura shi Iraƙi, cikin rundunar da za ta ceto sojojin Janar Townshend da Turkawa suka yi wa ƙawanya a garin Kut. Ba su ceto su ba. Ran 29 ga Afrilu 1916 Townshend ya miƙa wuya da mutum wajen 13,000. A wannan rana ɗin, can Dablin, babban birnin Ailan, jagoran masu tawaye Patrick Pearse shi ma ya miƙa wuya, bayan kwana shida shi da mutanensa suna riƙe da babban gidan waya da wasu gine-gine, sun shelanta jamhuriyar Ailan. Ingila ta harbe 14 daga cikinsu a kurkukun Kilmainham, ɗaya a Cork. James Connolly, da yake raunin da ya ji ya hana shi tsayuwa, a kujera aka ɗaure shi aka harbe. Na 16, Roger Casement, rataye shi aka yi a Landan a watan Agusta. Shi wannan ya taɓa yi wa Turawa aiki a Kalaba, nan ƙasarmu, tun kafin 1900.

Barry ya karanta labarin ne a wata takardar sanarwa da aka manna a bakin tanti. Bai san ko ɗaya cikin sunayen ba. A makaranta sarakunan Ingila aka sa shi haddacewa, ba a gaya masa tarihin ƙasarsa ba, ƙasar da yunwar 1845 zuwa 1852 ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya, wani miliyan ɗin ya yi ƙaura, alhali Landan ke mulkinta.

Bai gudu daga soja ba, Baba. Ya ƙarasa aikinsa, ya bi ta Masar, aka sallame shi a 1919. Ya dawo ya tarar ƙasar ta sauya: a zaɓen Disamba 1918 jam'iyyar Sinn Féin ta ci kujeru 73 cikin 105 na Ailan, wakilanta suka ƙi zuwa majalisar Landan, suka kafa tasu a Dablin ran 21 ga Janairu 1919. Duk da haka sai da ya yi fiye da shekara yana kai-kawo da tsofaffin sojoji 'yan'uwansa. A Yuli 1920 sojojin bataliyar Essex suka kama wasu jagororin mayaƙan yankin biyu, Tom Hales da Pat Harte, suka azabtar da su har Harte ya zautu. Jami'in leƙen asirin bataliyar shi ne Manjo Arthur Percival, wanda a 1942 ya miƙa Singafo ga Japanawa, a yaƙin da ya kai mahaifinka Boma. Cikin wannan lokaci ne Barry ya shiga rundunar IRA, wato mayaƙan neman 'yancin Ailan, aka ba shi horar da samari.

Ni dai ban ga butulci a nan ba. Albashin da ya ci, ya biya da shekarun da ya yi cikin zafin Iraƙi, ya fita ta ƙofa. Mahaifinka kuma da bai zagi kowa ba, ban ga laifinsa ba. Da ya dawo, ba majalisar da jama'a suka zaɓa ta kira shi ya ƙi amsawa.

TAMBAYA: Malam, na ga an ce mutum 36 kawai ya yi yaƙin Kilmichael da su. Ta yaya mutum 36 za su girgiza daular da ta mallaki rabin duniya? Anya ba zuzutawa ba ce?
Daga ɗalibin tarihi, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

AMSA: Ɗana, ba rabin duniya ba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne, kuma ɗalibin tarihi ba ya ƙara gishiri. Amma 36 ɗin gaskiya ne.

Samarin yammacin Cork suna da zuciya tun kafin Barry ya zo. Abin da ba su da shi horo ne. Yakan tara su a gidajen gona na 'yan kwanaki, ya koya musu saiti, da zaman gadi, da yadda ake jin umarni ba gardama. Daga cikinsu aka haɗa ayarin tafi-da-gidanka: mayaƙan da ba su da bariki, dare suke tafiya, su kwana gidajen manoma, gobe ba a san inda suke ba.

Su wa suke fuskanta? 'Yan sandan ƙasa suna ta ajiye aiki saboda jama'a sun ƙaurace musu. Sai Landan ta ɗebo tsofaffin sojoji a kan sule 10 a rana, su ne ake kira Black and Tans, ta kuma haɗa wata runduna ta tsofaffin hafsoshi zalla, Auxiliaries, a kan fam guda a rana. Waɗannan na biyun ana ganin ba mai iya taɓa su. Wani rukuninsu ya tare a ganuwar garin Macroom, suna fita sintiri ƙauyuka suna duka da harbi. Sai suka yi sakacin da soja ba ya yi: suka riƙa bin hanya ɗaya.

Ka duba lokacin kuma. Ran 25 ga Oktoba 1920 magajin garin Cork, Terence MacSwiney, ya mutu a kurkukun Brixton bayan kwana 74 yana yajin cin abinci. Ran 21 ga Nuwamba da safe mutanen Michael Collins, shugaban leƙen asirin IRA, suka kashe mutum 14 a Dablin, akasarinsu jami'an Ingila, da yamma aka buɗe wa 'yan kallon ƙwallo wuta a filin Croke Park, mutum 14 suka mutu. Lahadin da ta biyo, 28 ga Nuwamba, ita ce ranar kwanton ɓaunar Kilmichael.

Daren Asabar wani fada ya zo ya saurari tubansu ɗaya bayan ɗaya, bisa al'adar Katolika. Suka taka cikin ruwan sama har gari ya waye, kowa da harsashi kusan 35. Barry ya zaɓi wata kwana tsakanin duwatsu da fadama inda babu hanyar ja da baya, kuma da gangan ya yi. Suka kwanta cikin jiƙaƙƙun kaya, cikin sanyin da namu na hunturu wasa ne a kansa, tun safe har wajen ƙarfe huɗu na yamma. Motoci biyu suka ɓullo, mutum 18. Barry ya fito ya tsaya kan hanya sanye da rigar hafsa. Direban farko ya rage gudu don ya ga ko wane ne, shi kuwa ya jefa masa gurneti. Faɗan ya koma na gaba da gaba, har da gindin bindiga da banati. Aka kashe 16 nan take, ɗaya ya tsere aka kama shi aka kashe, ɗaya ya rayu da mummunan rauni a ka. Barry ya rasa mutum uku, ƙaraminsu Pat Deasy, ɗan shekara 16. Da ya ga wasu yaransa jikinsu na rawa, sai ya jera su a hanya, tsakanin gawarwaki, ya sa su fareti har suka dawo hayyacinsu. Shekararsa 23 a lokacin. Duk sanda na zo nan a aji, ɗalibai sukan yi tsit, ni ma ban taɓa iya cewa abin ya yi mini daɗi ba.

Akwai kuma taƙaddamar da ya kamata ka sani. Barry ya ce 'yan mota ta biyu sun yi ihun sun miƙa wuya, da yaransa suka miƙe sai aka harbe su, shi ya sa ya ba da umarni kada a sake karɓar miƙa wuya. A 1998 wani masanin tarihi ɗan Kanada, Peter Hart, ya ce ba haka aka yi ba, fursunoni aka kashe. Wasu masana suka yi masa ca, suka tuhumi hirarrakin da ya dogara da su, domin ya ɓoye sunayen waɗanda ya ce ya zanta da su. Ni abin da na riƙe: ko ta bakin Barry kansa, an kai inda mutum ya ɗaga hannu ba a saurare shi ba.

Ingila ta kafa dokar soja a larduna huɗu ran 10 ga Disamba, washegari da dare dakarunta suka ƙone tsakiyar birnin Cork, har zauren majalisar birni da laburare. Wannan ƙuna ta fi Kilmichael yi wa Landan ɓarna a idon duniya.

A wajena ma Crossbarry ta fi nuna gwanintarsa. Ran 19 ga Maris 1921 aka yi wa ayarinsa na mutum 104 zobe, yadda mafarauta ke kewaye daji su matso a hankali. Shi ya ce sojojin sun haura 1,000, wasu masana suka ce ba su kai ba. Ya lissafa harsashinsa, 40 ga kowane mutum, ya ga idan ya gudu za a bi shi yini guda har ya ƙare. Sai ya zaɓi ɓangare ɗaya na zoben ya far masa kafin sauran su iso, wani Flor Begley na busa musu algaitarsu mai jakar iska ana ɓarin wuta. Sojan Ingila 10 suka mutu, ayarin ya rasa uku, ya fice. Kwamandansu Charlie Hurley kuwa, da ke jinya a wani gida kusa, tun da asuba aka kashe shi.

TAMBAYA: Malam, ka yi haƙuri. Ni 'yan'uwana suna wajen Sabon Birni, mun san abin da masu bindiga a daji ke yi. Mutanen da ke kwana a ƙauye, su tare hanya, su kashe infoma, mene ne bambancinsu da ɓarayin dajinmu? Kada ku sa yara su ɗauka abin yabo ne.
Daga wata malamar makaranta, Mabera.

AMSA: Malama, ba abin ba da haƙuri, Allah ya kawo wa mutanenmu na gabas sauƙi. Kuma zan ƙara miki hujja a kan taki. Rundunar yammacin Cork ta sa wa manoma kuɗin sayen makamai gwargwadon yawan shanunsu, wanda ya ƙi biya a kora shanunsa a sayar. Barry da kansa ya rubuta cewa sun harbe mutum 16 da suka zarga da kai rahoto, ba kuma a gaban alƙali aka yanke musu hukunci ba. Da sojoji suka fara rushe gidajen talakawa don ramuwa, su ma suka shiga ƙone manyan gidajen masu goyon bayan Ingila. A Yuni 1921 sun ƙone gidan hakimin Bandon, suka yi garkuwa da shi. Duk wanda ya ce miki waliyyi ne, bai karanta ba.

Bambancin yana wajen wanda ya aike su. Barry na ƙarƙashin rundunar da ta yi rantsuwar biyayya ga majalisar da jama'a suka zaɓa da ƙuri'a. Majalisar nan tana da ministoci, ta kafa kotunanta a 1920 har mutane suka daina zuwa na Ingila, ta karɓi rance daga hannun 'yan ƙasa. Hakimin da suka ɗauke, ba kuɗin fansa suka nema ba, so suke a daina kashe fursunoninsu, kuma da aka tsagaita wuta suka sake shi. Manomin da ya ba su ɗaki da madara ya san gobe ana iya rushe masa gida, ya kuma ba su. Matan ƙungiyar Cumann na mBan su ke kai saƙo da ɓoye makamai da jinyar masu rauni. Ɓarawon daji kuwa, talakan da ke kusa da shi shi ne abincinsa. Ba wanda ya zaɓe shi, ba abin da yake nema ya wuce aljihunsa, kuma ba ranar da za a ce masa ya ajiye ya ajiye. Barry bai fita daga yaƙin da garke ba, aikin albashi ya koma nema.

Gargaɗinki kan yara kuwa na karɓa. Su karanta amsa ta ƙarshe a shafin nan kafin su yi sha'awar komai.

TAMBAYA: To me ya hana namu yin nasara irin tasu?
Daga wani tela, Tsohuwar Kasuwa.

AMSA: Maigida, zamani ne da wuri. Ran 15 ga Maris 1903 mutanen Sarkin Musulmi Attahiru sun tsaya a fili ne, da dawakai da masu da kibau, gaban bindiga mai ruwa da igwa. Haka a Burmi ran 27 ga Yuli, haka talakawan Satiru a 1906 da gatura da fartanya. Barry bai taɓa tsayawa a fili ba, kuma bindigar da ke hannunsa irin ta abokin gabarsa ce, sau da yawa ma daga hannunsa ya ƙwace ta. Ingilar 1920 ta fito daga babban yaƙi da bashi da gajiya. Ailan tana bakin ƙofarta, 'yan jarida na gani, ga miliyoyin jikokin Ailan a Amurka masu ƙuri'a, inda Éamon de Valera, shugaban Sinn Féin, ya je ya tara kuɗi dala miliyan biyar da wani abu. Ƙunar Cork ta zaga jaridun duniya cikin kwanaki. Satiru aka shafe ta, aka hana sake zama a wurin, duniya ba ta ko juyo ba. Zuciya dai ba a fi namu ba.

TAMBAYA: Yaya ƙarshensa? Ya samu mulki? Yana da iyali?
Daga wata ɗaliba, Arkilla.

AMSA: 'Yata, bai samu ba. An tsagaita wuta ran 11 ga Yuli 1921. Ran 22 ga Agusta ya auri Leslie Price, wadda ita tana cikin gidan waya na Dablin a 1916 lokacin da shi yake Iraƙi cikin kakin Sarki. Collins da de Valera duk sun halarci bikin.

Ran 6 ga Disamba Collins da abokansa suka sa hannu kan yarjejeniya a Landan: larduna 26 su samu mulkin kai, shida na arewa su zauna da Birtaniya, 'yan majalisa kuma su yi rantsuwar amana ga Sarkin Ingila. Collins ya ce wannan tsani ne da za a taka a kai ga cikakken 'yanci. Barry da mafi yawan mayaƙan Cork suka ce ba don rantsuwa ga Sarki suka binne 'yan'uwansu ba. Majalisa ta amince da ƙuri'a 64 da 57. A zaɓen Yuni 1922 masu goyon baya suka ci kujeru 58, masu ƙi 36. Ran 28 ga watan sabuwar gwamnati ta buɗe wa tsofaffin abokanta wuta a Dablin da igwar da Ingila ta ara mata, aka shiga yaƙin basasa. Tun a farkonsa aka kama Barry.

Ran 22 ga Agusta 1922, ranar da auren Barry ya cika shekara, aka kashe Collins a kwanton ɓauna a Béal na Bláth, cikin yammacin Cork ɗin nan. Wanda ya jagoranci kwanton shi ne Tom Hales, wanda aka azabtar a 1920. Ɗan'uwansa Seán Hales yana ɗaya ɓangaren, ɗan majalisa ne, aka harbe shi a titin Dablin ran 7 ga Disamba, washegari gwamnati ta fito da fursunoni huɗu ta harbe don ramuwa. Kafin a gama ta zartar wa mutum 77 hukuncin kisa, fiye da waɗanda Ingila ta zartar wa a yaƙin 'yancin. Barry ya ba da labarin cewa da mutuwar Collins ta iso kurkukun Kilmainham, ya ga ɗaruruwan fursunoni, abokan gabar Collins ɗin, sun durƙusa suna yi masa addu'a.

Barry ya tsere daga sansanin Gormanston a Satumba, ya koma fagen daga, ya ƙwace 'yan garuruwa a Disamba. Dabarun su ne na da, mutanen su ne na da, amma ƙofofin da ake buɗe musu da dare sun ragu, domin jama'a sun gaji kuma sun riga sun faɗi ra'ayinsu a akwati. Ya gane haka kafin shugabansa Liam Lynch. A Maris 1923 ya kawo shawarar a tsaya, aka kayar da ita da ƙuri'a shida da biyar. Aka kashe Lynch ran 10 ga Afrilu, ran 24 ga Mayu magajinsa Frank Aiken ya ba da umarnin a ajiye makamai.

Daga 1927 zuwa 1965 Barry ma'aikaci ne a hukumar tashar jiragen ruwa ta Cork. Bai rabu da harkar gaba ɗaya ba: ya shugabanci ragowar IRA ta ɓoye daga 1936 zuwa 1937, har Jamus ta Hitler ya je neman taimako, abin da ban ga yadda za a wanke shi ba. Ya ƙi shirin dasa bama-bamai a biranen Ingila, kuma a tsufansa ya soki masu tayar da bam cikin farar hula. A 1946 ya tsaya takarar majalisa a birnin Cork ba jam'iyya, mutanen da ke rera waƙar Kilmichael suka ajiye shi a na ƙarshe. A 1965 shi aka gayyata ya buɗe dutsen tunawa da Collins a mahaifarsa, Sam's Cross, ya kuma je.

Ya rasu ran 2 ga Yuli 1980, kwana ɗaya bayan ya cika 83. Ba su haihu ba. Matarsa ta shugabanci ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasar daga 1950 zuwa 1973, ta rasu a 1984. Larduna 26 sun zama jamhuriya a 1949, ba tare da an sake yin yaƙi da Ingila ba. Shidan arewa har yau suna cikin Birtaniya, kuma yarjejeniyar 1998 ta ce ba za su fita ba sai mafi yawan mutanensu sun jefa ƙuri'ar amincewa.